Tarihin Magina da Masu Riƙe Musu Lissafi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

  

Duk wanda ya bar gida yana da buri guda a ransa, watau ya tsai da ɗaki nasa na kansa a garin ubansa. Amma kun san irin ƙarar da ake kawowa gaban dattawan wannan ƙungiya da zarar an gama kaka. In ba ta gona ba ce, to ta gini ce. Wani ya aiko kuɗin buhu talatin na siminti, ya zo ya iske bangon da bai ci ashirin ba. Magini ya ce ba a cika masa jingarsa ba. Ƙanen da aka danƙa wa amana ya ce kuɗin sun ƙare wajen ruwa da yashi da abincin leburori. Kowa na rantsuwa, ba takarda, ba shaida, daga nan sai gaisuwa ta yanke tsakanin ƴan ɗaki ɗaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu duba wanda ke riƙe irin wannan lissafi a zamanin kakanninmu, da kuma yadda aka yi ya suɓuce daga hannunsa.

A ƙauyukanmu na da, gini bai bukatar lissafi. Ɗakin kara ne da jinka, da darni kewaye da gida, da rumbu a bayan ɗaki. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya ba da labarin gari mai yawan jama'a da kasuwa, inda gidaje ke kewaye da darni, da inuwar itatuwa a tsakar gida. In babban gari haka yake, ina ga ƙauye? A wajen Mayahi ma abin ya fi haka, domin ƙasar jigawa ce, yashi ya fi yawa, ƙasar gini sai an je bakin tabki ko cikin gulbi an ɗebo da jakuna. Abin da Allah ya hore wa mutanen Gulbin Kaba shi ne goriba: kabarta ta yi igiya da tabarma, itacenta ya yi rufi. Mai son ɗaki sai ya tara kara da shuci, ya kira gayya, mata su dama fura, maza su ɗaura tanka, a ɗaga jinka a aza. Daga nan ne aka samo maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bashin gayya kuwa da gayya ake biyansa, kuma duk gari ya san wanda ya zo da wanda ya noƙe. Littafin lissafin ke nan, yana cikin kan kowa.

Ginin ƙasa na sosai, irin mai zaure da soro da zankwaye, aikin birni ne, na sarki da malamai da attajirai. Nan ne sana'ar ta zama ta gwanaye, nan ne kuma ta samu shugaba. A garuruwan Hausa kowace sana'a tana da sarkinta: sarkin maƙera, sarkin pawa, sarkin aski, sarkin magina. Wani Bature mai bincike, M. G. Smith, wanda ya zauna ƙasar Zazzau wajen 1950, ya bayyana yadda waɗannan sarakunan sana'a ke tara harajin mutanensu, suna kuma tattaro su in sarki na da aiki. A Damagaram, lokacin da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, ba a yi wannan aiki da ka ba. Sai da aka samu mai raba wa kowace unguwa da kowane gari rabonsu, da mai duba ko an kwaɓa ƙasa yadda ya kamata.

Ya kamata matasa su san abin da ya sa ake girmama gwani, don yau wasu na ganin ginin ƙasa aikin marasa hali ne. Ƙasar sai an zaɓa, a jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakawa. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya ya bushe. Bango daga ƙasa yake da kauri, yana hawa yana sirancewa, kuma ba a aza sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Wahalar tana wajen rufi. Azara, watau tsagin giginya da gara ba ta ci, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tsawonta ya wuce kamu huɗu, kusan mita biyu. To yaya za a rufe zaure mai faɗi? Sai gwanaye suka fito da dabarar bakan gizo: a dasa azara cikin bango daga ɓangare biyu, a ɗaura wata a kanta tana leƙowa gaba, a bi da ƙasa, a haka a haka har su haɗu a tsakiya. In bakuna suka gitta juna, an samu ɗaurin guga, a aza tulluwa a kai. Daga waje kuma a yi yaɓe da makuba ta ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Wanda ya kuskure awo ɗaya cikin waɗannan, rufin zai faɗo kan mutane. Shi ya sa sunan Babban Gwani na Zariya, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu, bai ɓace ba. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, kuma har yau masana gini na duniya suna nazarin bakunan da ya ɗaura a ciki.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne yadda ake ƙulla aiki. Mai gida ba ya kiran magini a ɓoye. A zaure ake jinga, gaban mutane, a faɗi ɗaki nawa, a faɗi lada, kuɗin wuri ne ko damman hatsi, a faɗi wanda zai ciyar da ma'aikata, a ba da kafin alƙalami, a raba goro. Duk wanda ya ci goron nan ya zama shaida. In kuɗin na da yawa, akwai malami a kusa da zai rubuta da ajami, tun da ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu. In rigima ta taso, ba a fara zuwa wajen alƙali ba, wajen sarkin magina ake zuwa. Shi zai taka ya je ya dubi bangon, ya ƙwanƙwasa, ya ce aikin ya kai kuɗin ko bai kai ba. Maganarsa na da nauyi saboda yana iya hana magini aiki a gari, yana kuma iya hana mai gida samun magini, domin a al'adar masu sana'a ba ka ɗora hannu kan aikin da ɗan'uwanka ya fara sai ka ji dalilin da ya sa ya bari. Shi ne ya san ɗan koyon da ya isa a ba shi bango, da wanda har yanzu jifan tubali ne aikinsa. Watau dai abin da yau ake buɗe biro a ɗauki sakatare da kontabil saboda shi, a da zauren mutum ɗaya ne ya ɗauke shi.

Tasawa ta san irin wannan tsari, domin gari ne na sarauta tun da daɗewa, kuma wajen ƙarshen ƙarni na 19 Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi saboda rikicinsa da Ƙaura Hasau, ya zo ya zauna a nan da fadawansa. Sai dai bai daɗe ba Nasara suka iso.

Zuwan nasu ba mu bukatar tuna wa dattawa. A watan Yuli na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine, bayan ɓarnar da ta yi tun daga yamma, ta kashe Kanar Klobb a Dankori, kwana kaɗan bayan haka kuma sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Da mulkin ya zauna, Tasawa ta zama mazaunin kwamandan. Kwamandan kuwa yana son bariki, da gidan kaso, da mangaza, da masaukin baƙi a kan hanya, kuma ba ya da niyyar biya. Sai a aika wa sarki cewa ana son mutum kaza da azara kaza kafin rana kaza. Sarki ya aika wa masu gari, masu gari su kama wanda suka kama. A wannan lokaci ne birgi mai kusurwa huɗu, wanda ake zubawa cikin akwatin katako, ya fara ture tubalin hannu, domin ya fi sauri, kuma kowa na iya yinsa ko bai taɓa koyon gini ba. Ga wani abu kuma: birgi ya fi sauƙin ƙidaya. A jera shi sahu-sahu, mai takarda ya bi ya ƙirga.

A nan ne mai takarda ya fara shiga sha'anin gini a ƙasarmu. Tafinta ne, ko akawun bariki, ko mai kiran suna da safe, ga gardi tsaye a bayansa da bulala. Muna ganin wannan ya bar tabo mai zurfi. Kakanninmu sun fara ganin an rubuta sunansu ne a ranar da aka tilasta musu aiki ba lada, ko ranar karɓar haraji. Saboda haka in yau ka ce wa dattijo ko magini a rubuta yarjejeniya, ya ɓata rai ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, kada ka yi mamaki. Ba daga addini ya gaji wannan ƙyama ba, addini ma rubutawa ya ce a yi. Daga bariki ya gaje ta.

A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamandan daga Tasawa aka mai da shi Maraɗi, manyan ayyuka suka bi shi. A 1945 ruwan Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi mutane aka mai da su kan tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu bisa takarda. Gari guda aka sake ginawa, kuma karo na farko ke nan da talakawa da yawa na wannan yanki suka ga an auna musu wurin zama da igiya da lamba. Shekara guda bayan haka, a watan Afrilu na 1946, aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Daga ranar duk aikin gwamnati sai an biya. In za a biya kuwa sai an rubuta kwana nawa, mutum nawa, kaya nawa. Sai ga ɗan kwangila ya bayyana, ga akawunsa, ga mai tsaron mangaza. Sarkin magina yana nan da rawaninsa, amma ba a gabansa ake ƙulla waɗannan ayyuka ba.

Sa'an nan gyaɗa ta zo da kuɗi. Daga shekarun 1950 har farkon 1970 ƙasar Tasawa da Mayahi na cikin masu noma ta, alhazan Maraɗi suka yi arziki, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayenta. A tsakiyar shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki, ga kuma kwano da siminti na shigowa daga Najeriya. Wanda ya sayar da gyaɗa ya ga rara, sai ya so ɗaki mai kwano irin na birni. A ganinmu nan ne tsohon tsari ya karye, ba a hannun Nasara ba. Ku duba: a ginin ƙasa kusan duk tsadar aikin hannu ce, ƙasa ta kududdufi ce, ruwa na rijiya ne, kuma idon gwani na iya auna aikin hannu. A ginin siminti kuwa rabin kuɗin ko fiye yana tafiya ne kanti, wajen buhu, da ƙarfe, da kwano, da ƙusa, da katako. Sarkin magina na da iko a kan magini, ba ya da iko a kan mai kanti ko direban da ya kawo kaya. Buhun siminti kilo 50 ne, amma da zarar an kwaɓa shi ba mai iya cewa nawa aka zuba. Mai son cuta sai ya ƙara yashi ya ƙara yawan birgi, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa bulo, ya yi yaɓe mai kyau a kai, ba za a gane ba sai damina ta uku. Irin wannan aiki ba ido yake so ba, rasit yake so da mai ƙirga buhu a bakin mangaza. Mu kuwa mun shiga ginin siminti da al'adar ginin ƙasa, watau da baki da goro, alhali zauren da ke tsare maganar baki ya riga ya yi rauni. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gyaran mulki na 1964 ya mai da Tasawa da Mayahi kowace gunduma mai sufurehe nata, aka yi ta gina lakwal da likita da birori. Farin 1973 da 1974 ya kashe gyaɗa, ya kori matasa zuwa ci-rani, da yawansu kuma aikin gini suka samu a Kano da Legas lokacin kuɗin man fetur, ko a Arlit da Yamai lokacin kuɗin yuraniyom. Can suka koyi ɗaurin ƙarfe da zubin kankare, suka dawo da sana'ar da ba su karɓa daga hannun kowane gwani na gida ba, saboda haka ba su ga dalilin kai masa gaisuwa ba. Korar baƙi da Najeriya ta yi a farkon 1983 ta ƙara dawo da irinsu gida. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a watan Afrilu na 1974, an farfaɗo da samariya, matasa suka gina azuzuwa da yawa da hannunsu. Gayya ce, amma gayyar da umurninta ke fitowa daga sama, kuma da aka daina ba da umurnin sai ta kwanta.

Wata doka ta watan Maris na 1984 ita ce ta tsara yadda ake kafa ƙungiya a Nijar. Tun daga lokacin, ƙungiya a idon hukuma ita ce mai rubutattun ƙa'idoji, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da takardar izini. Taron magina da ya shekara ɗaruruwa yana aiki ba ya da ko ɗaya cikin waɗannan. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyi sun yawaita, masu sana'ar hannu ma sun kafa nasu har zuwa tarayya ta ƙasa. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma aka kafa NIGETIP, bisa misalin wata hukuma ta Senegal, don a rarraba ƙananan ayyukan gwamnati ga ƴan kwangila na cikin gida. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kafin a ba ka aji biyu ka gina, sai ka kawo takardar rajistar kasuwanci, da shaidar biyan haraji, da ƙiyasin kuɗi a rubuce cikin Faransanci, layi-layi. Gwanin da ya iya ɗaurin guga bai iya wannan ba. Sai ya koma yi wa wani aiki, wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba amma yana da yaro mai iya buga takarda. Da aka zaɓi majalisun komin a 2004, ayyuka suka sauko kusa da mu, Kanambakashe, Caké, Sarkin Hausa, Urafan, Korgom, kowace da kasafinta, amma takardun ba su ragu ba. A 2024 an rushe majalisun aka naɗa wakilan gwamnati a madadinsu, takardun dai na nan.

Kada a ɗauka ilimin magina ya mutu. A garin Yama na jihar Tawa, dattawa sun ɗora wa wani manomi magini, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'a a 1962. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani birgi, wani ruwa, wani itace. A 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 wannan masallaci na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. A 1980 kuma, a Shikal ta wajen Filinge, aka fara koya wa magina gini ba itace, watau rufin birgi zalla mai lanƙwasa irin na mutanen Nuba na ƙasar Masar, don a huta da saran itatuwa, daga baya aka horar da magina da yawa a Nijar da Mali da Burkina. A Dandaji, a 2018, wata ɗiyar ƙasar nan mai zanen gini, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da birgin ƙasa matsattse, kuma da maginan wurin aka yi aikin.

Ambaton wannan baiwar Allah ya kawo mu ga masu zanen gini na boko, waɗanda ake ce wa arshitek. Su kam sun tsara kansu. A Najeriya ƙungiyarsu ta kafu tun 1960, kuma makarantar Zariya ta yaye da yawa. Ƙasashen da ke aiki da Faransanci, har da Nijar, sun haɗu sun buɗe makaranta a Lome a tsakiyar shekarun 1970. A 1997 aka yi dokar da ta kafa ƙungiyarsu a Nijar, wadda ke riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su sa hannu kan zane. A Amurka abin ya wuce nan. A 1959, a birnin Miyami, sakatarorin da ke aiki a birorin masu zanen gini suka kafa ƙungiya tasu ta kansu, daga baya ta bazu cikin ƙasar, ta sake suna, ta zama ta duk masu tafiyar da irin waɗannan birori. Ba su zane, ba su gini. Aikinsu shi ne rubuta yarjejeniya, da bin bashi, da biyan ma'aikata, da ajiye takardun kowane aiki inda za a same su bayan shekara goma. Sun ga cewa wannan ma sana'a ce mai bukatar koyo da jarrabawa da tsare mutunci, sai suka ba ta gida.

Mu kuwa mai riƙe mana takarda ba ya da sarki irin na magina, ba ya da rajista irin ta arshitek. In ma'aikacin gwamnati ne yana cikin ƙungiyar ƙwadago tare da sauran ma'aikata. In na ɗan kwangila ne, galibi ɗansa ne ko ɗan ƙanensa, amanarsa na wajen mai gidansa. In kuwa ginin ɗan ci-rani ne, wanda shi ne ya fi yawa a ƙauyukanmu, to akawun shi ne duk wanda aka iske a gida: ƙane, ko suruki, ko aboki, wani lokaci uwar ƴaƴa. Ba wanda ya koya masa, ba a yanka masa lada, ga kuɗi masu yawa a hannunsa cikin watannin da rumbu ke ƙarewa, ga mara lafiya, ga suna, ga biki. Ba mu ce duk wanda kuɗin gini suka narke a hannunsa ɓarawo ne ba. Sau da yawa nauyi ne aka aza masa wanda a da gari guda ke ɗauka. Yau kuɗi na isowa cikin minti kaɗan ta kamfanonin aike, ana kuma tura hoton bango ta WhatsApp, amma hoto ba ya nuna buhu nawa bangon ya ci.

Shawarar da muke so a kawo gaban taron ƙungiya na bayan Salla ita ce, mu ajiye littafi guda mai kauri a hannun magatakarda, don aikin gini kawai. Duk ɗan ƙungiya da zai fara gini, a yi jingar a zaure kamar da, gaban dattijo biyu da wani tsohon magini da gari ya yarda da shi, a raba goro, sa'an nan a rubuta, da Hausa, boko ko ajami, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Kuɗin kaya dabam, ladan magini dabam, kuma shi ladan a biya shi kashi-kashi, in an fito da gindi, in an kai bisa taga, in an rufe. Wanda zai riƙe kuɗi da rasit a yanka masa ladansa a fili, ko da ƙanen mai gida ne, don ya san aiki aka ba shi. Tsohon maginin nan shi ma a ba shi na goro duk ranar da ya taka ya je ya ƙwanƙwasa bango. Masu ginin ƙasa su tuna a fara da zarar an gama kaka, tun tabki bai ƙafe ba, don a rufe a yi yaɓe kafin hadarin farko.

Muna kuma roƙon dattawan da iyayensu ko kakanninsu suka yi sarautar magina, ko suka yi gini a bariki ko a fada, su sa a rubuto mana abin da suka ji daga bakinsu: wa ya koya wa wa, wane zaure ko masallaci ya gina, da me aka biya shi. Wanda ba ya da mai rubuta masa ya faɗa wa magatakarda ranar kasuwa, za a je har gida.